INTANET A FALO, BABU A CIKIN GIDA: SHAWARA GA MAGIDANTAN GYAƊI-GYAƊI DA TARAUNI

Daga Wakilinmu a Kano

Akwai wani kuka da ya zama ruwan dare a bakin magidanta a unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Daurawa da Darmanawa, har zuwa Unguwa Uku. Mutum ya ƙuntata wa kansa ya sayi akwatin intanet, wanda aka fi sani da rauta, ya zuba masa kuɗin wata, ya girke shi a falo kusa da talabijin. A falon kam sai hamdala. Amma da zarar an ƙetare tsakar gida an shiga ɗakin uwargida, ko an hau bene, ko an leƙa shagon samari da ke ƙofar gida, sai a nemi sabis a rasa, kamar an yi ruwa an ɗauke.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga masu karatunmu. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, kuma rajistar jami'a da biyan kuɗin makaranta da duba sakamako duk sun koma ta intanet. Ɗalibin likitanci da ya kama haya a Gyaɗi-Gyaɗi domin kusanci da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, littattafansa da laccocinsa da yawa a can suke. Haka nan ma'aikacin da ya taso daga Sakatariyar Audu Baƙo da ragowar aiki a jaka, ko wanda aka kira taro ta bidiyo daga Abuja, al'adar da ta zauna tun annobar korona ta 2020, ba zai so ya yi taronsa a tsakiyar yara da ƙarar talabijin ba don kawai nan ne sabis yake.

Idan mai wannan kuka ya nufi kasuwar waya ta Farm Centre, wadda take nan cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, abu biyu za a miƙa masa ya zaɓa. Na farko 'yar na'ura ce da ba ta wuce cikin tafin hannu ba, ana soka ta a soket, ta kama sabis ɗin rauta ta sake watsa shi gaba. 'Yan kasuwa na kiranta ikistenda, mu kuwa sai mu ce na'urar ƙara zango. Na biyu kwali ne mai ɗauke da akwatuna biyu ko uku masu kama da juna, waɗanda ake rarrabawa a sassan gida su riƙa magana da juna. Turawa na ce masa mesh, watau raga, domin yadda akwatunan ke saƙuwa su lulluɓe gida. Kuɗin raga ya ninka na ikistenda sau da yawa, kuma da yake kayan ƙetare ne masu bin farashin dala, tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 kwali mai akwati uku ya zarce mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Jihar Kano ta yanka a 2024, watau naira 71,000. Saboda haka ya kamata mutum ya san abin da yake saye kafin ya kwance bakin aljihu.

GININMU DABAN, NA TURAWA DABAN

Dattawan da suka saba murɗa akwatin rediyo suna neman Kaduna a kan mita 49 sun riga sun san rabin karatun. Wi-Fi ma rediyo ne. Rauta wata 'yar tasha ce a cikin gida mai watsawa kuma mai karɓa, sai dai ƙarfinta bai kai wat guda ba, kuma igiyarta gajera ce ainun. Iri biyu aka fi amfani da su. Akwai ta gigahaz 2.4, mai tsawon kamar santimita 12, watau ko taƙi guda ba ta kai ba. Akwai kuma ta gigahaz 5, mai tsawon santimita 6 kacal. Ta farkon ta fi cin nisa da ratsa bango, amma ba ta da sauri. Ta biyun tana ɗaukar kaya da yawa, amma bango biyu masu kauri sun isa su karya ta. Ko a fili fetal ne, in aka ninka nisa sau biyu, ƙarfin igiya yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu, balle a ce ga gini a tsakani.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Yawancin waɗannan na'urori an tsara su ne da tunanin gidajen Amurka, inda ake raba ɗakuna da katako da allon farar ƙasa marar kauri, gidan kuma dunƙule yake wuri guda. Alkawarin da aka rubuta a jikin kwali na faɗin wurin da na'ura za ta mamaye, da irin wancan gida aka auna shi. Mu kuwa da bulo mai inci 9 da mai inci 6 muke gini, a shafe shi da siminti ciki da waje, wani ma ya manna tayil. In bene ne, ga rufin kankare cike da rodi a tsakanin sama da ƙasa. Ga ƙyauren ƙarfe, ga ƙarafan taga na tsaron ɓarayi, ga rufin kwano, ga tankin ruwa. Ƙarfe yakan mai da igiya baya, ruwa kuwa shanye ta yake yi. Tsofaffin katangun ƙasa da suka saura a wasu lungunan Gyaɗi-Gyaɗi ma ba su da sauƙi, domin kaurinsu.

Daɗin daɗawa, tsarin gidan Bahaushe a baje yake: zaure ko falon baƙi a gaba, turakar maigida, sa'an nan sassan iyali kewaye da tsakar gida, da ɗakin samari mai ƙofa a waje. Amma wannan tsari yana da nasa alheri da jama'a ba su cika lura da shi ba. Tsakar gida fili ce, babu abin da ke tare igiya a cikinta. Rautar da aka ɗora a bisa, kusa da tagar da ke kallon tsakar gida, tana iya kai wa ɗakuna huɗu ko biyar ta tagoginsu, alhali kuwa ita ɗin ce, in an tura ta bayan talabijin ko cikin kabad don gudun ƙura da hannun yara, ko ɗakin da ke maƙwabtaka da falo ba za ta kai wa ba. Gidaje da yawa, musamman ƙananan gidaje irin na rukunin Kundila, canjin wuri kawai suke bukata, ba sai an kashe ko kwabo ba.

Kafin a sayi kome kuma, lalle ne a tabbatar inda cutar take. Mai karatu ya ɗauki wayarsa ya tsaya dab da rauta ya auna saurin intanet, akwai manhajoji na kyauta don haka, sa'an nan ya koma ɗakin da ake kuka da shi ya sake aunawa. Ya yi haka da safe, ya kuma yi bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya hau layi. In a gindin rauta ma abin tafiyar hawainiya yake yi, to matsalar daga waje take shigowa, kuma babu ikistenda ko raga da za ta warkar da ita. Ƙara kawunan famfo a cikin gida ba ya ƙara ruwan da ke zuwa daga Tamburawa.

SANƘIRA A ZAURE

Aikin na'urar ƙara zango daidai yake da aikin sanƙira a wurin ɗaurin aure. Waliyyi ya yi magana a hankali a cikin zaure, sanƙira ya saurara, sa'an nan ya ɗaga murya ya maimaita wa jama'ar da ke waje. Abu biyu ne suka fito daga wannan misali. Na ɗaya, sanƙira ba ya saurare da faɗa a lokaci guda, sai ya ji tukuna kana ya faɗa, don haka kowace magana lokacinta ya ninku. Haka ikistenda mai rediyo guda take: tana karɓa tana maimaitawa a kan hanya ɗaya, saboda haka kusan rabin sauri yakan zube. Na biyu, sanƙiran da ya koma can ƙarshen taro ya tsaya inda shi kansa ba ya jin waliyyi, ƙarfin muryarsa ba shi da wani amfani. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi. Sai a kai na'urar cikin ɗakin da babu sabis a soka ta, wayar hannu ta nuna sanduna sun cika fal, amma a buɗe shafi ya ƙi buɗuwa. Sandunan nan ƙarfin muryar sanƙira suke nunawa, ba su nuna ko ya ji abin da aka faɗa. Wurin ikistenda shi ne tsaka-tsaki, inda har yanzu sabis ɗin rauta yake da ƙwari.

Tana da wani aibu kuma. Da yawa daga cikinsu sukan buɗe suna na biyu daban da na rauta, wayar hannu kuwa tana da naci, takan liƙe wa tashar da ta fara kamawa har sai ta yanke ɗungum. Mai magana ta WhatsApp da ya taso daga falo zuwa cikin gida sai ya ji kira ya tsinke a hanya. Har wa yau, a kan gigahaz 2.4 hanyoyi uku ne kaɗai ba sa taka juna, watau ta 1 da ta 6 da ta 11. A unguwa mai cunkoso, inda gida ke jingine da gida kuma kowane ɗan haya yana da tasa na'ura, duk ikistendar da aka ƙara hayaniya ce aka ƙara wa kai da maƙwabta.

Duk da haka ban ga dalilin raina ta ba. Wanda damuwarsa ɗaki guda ce, ko ɗalibin da ke raba kuɗin rauta da abokin hayarsa na ɗaki na uku, ita ce daidai da shi. In intanet ɗin da ke shigowa gida, alal misali, megabit 20 ne, ko ikistenda ta zubar da rabin saurin da ke tsakaninta da rauta, abin da ya rage yakan isa ya ɗauki wannan ashirin ɗin. Kuma mai amfani da 'yar ƙaramar MiFi ta aljihu ba shi da wani zaɓi sosai, domin galibin akwatunan raga sai an haɗa na farkonsu da kebul, MiFi kuwa ba ta da ramin kebul. Sai dai a nemi mai rediyo biyu, wadda ke aiki a kan 2.4 da 5 duka.

RAGA DA KUƊINTA

Tsarin raga bai daɗe da shiga gidaje ba. Kamfanin eero na Amurka ne ya fara yayata shi a 2016, Google ya biyo baya a ƙarshen wannan shekara, sa'an nan irin su TP-Link da Tenda na ƙasar Sin suka fito da masu rangwame, waɗanda su aka fi gani a kasuwanninmu. Fifikonsa a fili yake. Suna ɗaya ne da lambar sirri ɗaya a duk faɗin gida. Akwatunan sun san juna, suna zaɓen hanyar da ta fi kyau a tsakaninsu, suna kuma taimaka wa wayar hannu ta saki akwati mai nisa ta kama na kusa ba tare da mai ita ya sani ba. Daga manhaja guda maigida yana ganin duk wanda ya hau, yana iya tsai da na yara in dare ya yi.

Amma kada kyan kwali ya ruɗi mai saye. Akwatunan raga su ma da igiyar rediyo suke magana da juna, kuma bangon da ya tare rauta zai tare su. Masu araha rediyo biyu gare su, da su suke yi wa wayoyi hidima, da su kuma suke tura kaya ga 'yan'uwansu, saboda haka kowane tsalle daga akwati zuwa akwati yana cin sauri kamar dai ikistenda. Masu rediyo uku sun keɓe guda don maganar junansu, sun fi kyau nesa ba kusa ba, sai dai kuɗinsu sai wane da wane. Kuma ko su, in aka aje ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, kankare da rodi a tsakani, wahala za su sha. A gidan bene, bakin matakala ne ƙofar da igiya ke bi, can ya kamata a dubi ajiye su. A kuma sani cewa akwatin wani kamfani ba ya cika shiga ragar wani, ko da yake tun 2018 aka fito da ƙa'idar EasyMesh don magance haka. Mai sayen na hannu kuma ya tabbatar a gaban mai kanti cewa an cire na'urar daga asusun mai ita na farko, domin wasu ba sa karɓar sabon ubangida sai an yi haka.

ABIN DA BA A CIKA TALLARSA BA

A ganina, maganin da ya fi dacewa da gininmu shi ne wanda mai kanti bai cika ambata ba, domin ribarsa kaɗan ce: kebul. Kebul ɗin kwamfuta irin wanda ake ja a ofisoshi, mai lamba Cat5e ko Cat6, yana ɗaukar har megabit 1,000 zuwa nisan mita 100, kuma bai san bango ba, bai san rodi ba. Da wuya a sami gida a Tarauni da tsawonsa ya kai haka. A ja shi daga rauta zuwa sashen da ake bukata, a haɗa masa wata na'ura a can. Ko tsohuwar rautar da aka jefa a kwaba tana iya wannan aiki in an saita ta, haka ma ikistenda mai ramin kebul, kuma a wannan hali ba ta zubar da rabin sauri, domin ba da kunne take karɓa ba. Wanda kuma ya sayi raga ya haɗa akwatunanta da kebul, shi ne ya sami moriyar duka biyu.

Akwai dalili na musamman da ya sa kebul ya zama tilas a Kano. Gidaje kaɗan ne kebul ɗin gilashi na kamfani ya shiga, mafi yawa da layin waya suke kamawa, 4G ko kuma 5G, wanda MTN ya fara a 2022 da Kano a cikin biranen farko. Rauta mai layi aiki biyu take yi masu karo da juna. Don ta kama daga waje tana son taga ko bene, ta fuskar ƙarfen sabis, musamman 5G da ke kan gigahaz 3.5 wanda ba ya son bango. Don ta rarraba a ciki kuwa tana son tsakiyar gida. Ba a gudu ana susar takashi. Sai a bar ta a inda ta fi kamawa, a ja kebul zuwa tsakiya, wata na'ura ta yi rabo. Masu faifan Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, su ma ba su tsira ba: tauraron ɗan'adam ya kawo saƙo daga sama har kan rufi, amma bulo mai inci 9 yana nan yana jira.

In kebul zai ratsa tsakar gida, a sa shi cikin bututu a binne, kada a bar shi yana lilo a rana, kada kuma a cusa shi bututu ɗaya da wayar lantarki. Zafin bazara yana busar da robarsa, tsawar damina kuma tana iya bi ta cikinsa ta ƙone na'urorin da ke bakinsa biyu. Mai gini yanzu, tun kafin a yi shafe ya sa a binne masa bututu zuwa kowane sashe da kowane hawa, kuɗin bai taka kara ya karya ba in an gwada da fasa bango daga baya. Ɗan haya kuwa ya nemi yardar mai gida kafin ya huda ko'ina, in ba a yarda ba akwai kebul mai faɗi da ke bi ta ƙarƙashin ƙofa. Akwai kuma wata na'ura da ke tura intanet ta cikin wayoyin lantarkin gida, amma ban ba da shawararta ba a inda ake sauya layi tsakanin wutar gwamnati da janareta da inbata.

Maganar wuta ma ita ce sauran rina a kaba. Kowane akwati sai da lantarki. An sha ganin gidan da rauta ke kan layin sola a falo, amma akwati na biyu yana kan soket ɗin da ba ya kawowa sai an kawo wuta, da an ɗauke sai rabin gida ya koma gidan jiya. In akwatin tsakiya ne ya mutu, wanda ke bayansa ma ya yanke. Kuma duk sauyin layi sai sun ɗauki 'yan mintoci kafin su farfaɗo su gane juna, wanda ke tsakiyar cike fom ɗin jarrabawa ya san tsawon waɗannan mintoci. Cinsu ba yawa, kowanne bai cika wuce wat 10 ba, uku a haɗe ba su kai fankar sama guda ba. Saboda haka a sa su duka a layin inbata, ko a saya wa kowanne ɗan batirin nan mai bolt 12 da ake sayarwa don rauta, a kuma lissafa kuɗinsa tun farko cikin kuɗin saye.

Sai kuma abin da ba ya cikin littafin kowane kamfani, watau majalisar ƙofar gida. Sabis ɗin da ya kai shagon samari ya kai dakali, wanda ya kai dakali kuwa ya kai unguwa. Wayoyin Android na yanzu suna nuna lambar sirri a matsayin hoto da wani zai ɗauka cikin ƙiftawar ido, ba sai ya tambayi maigida ba. Bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairu na 2025, wannan ya zama abin lissafi, domin ko tsarin da ake cewa ba shi da iyaka yana da ma'aunin da in an kai shi ake rage sauri. Hana maƙwabci ba halinmu ba ne, kuma ba sai an hana ba. Yawancin rautoci da ragogi suna da tashar baƙi ta daban mai lambarta, a wasu ma ana iya yanka mata iyakar sauri. A ba majalisa wannan, a riƙe ta cikin gida ga iyali, a kuma canja lambar shiga saitin na'ura wadda aka zo da ita daga kamfani, domin kowane yaro mai wayo ya san ta.

A kula kada a rikita na'urar ƙara zangon Wi-Fi da wata da ake kira busta, mai eriya a kan rufi, wadda ke ƙara ƙarfin sabis ɗin layin waya kansa. A 2021 hukumar NCC ta gargaɗi jama'a cewa kamfanonin sadarwa masu lasisi ne kaɗai aka yarda su kafa irinta, domin wadda aka kafa barkatai tana dagula sabis ɗin maƙwabta. Wanda layinsa ba ya kamawa ko a bakin taga, ya gwada layin wani kamfani a cikin gidan nasa na kwana biyu ko uku, da safe da kuma dare, kafin ya biya kuɗin wata.